Kafin Ka Kai Jarumarka Cin Jatan Lande

 Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma zan taɓo wurin da na san zai sosa wa wasunmu rai. Ku yi mini afuwa tun yanzu, domin laifin da zan yi magana a kansa ni ma na aikata shi a labarina na farko.

A cikin 'yan watannin nan na duba labarai da dama da 'yan wannan zaure suka turo mini, kuma akwai wata fitowa da take ta maimaita kanta kamar an haɗa baki. Saurayi mai kuɗi ya zo da baƙar mota, ya ɗauki yarinya, sun nufi wani haɗaɗɗen gidan abinci a Abuja ko Legas ko Dubai, irin wanda ba a sayar da komai sai abincin teku. Aka kawo musu takardar jerin abinci. Daga nan sai marubuci ya zubo sunaye na Turanci har layi uku, waɗanda da gani ka san daga Google aka kwaso su. Yarinya ta ɗan tsakura kaɗan ta ce ta ƙoshi, shi kuma ya zaro kati ya biya ko kallon kuɗin bai yi ba. Shi ke nan, an tashi.

Na karanta irin wannan fitowa sau da yawa, amma ban taɓa jin ƙamshin abincin ba, ban taɓa sanin yadda yake a baki ba. Dalili kuwa shi ne wanda ya rubuta bai san abin da ke cikin farantin ba. So yake kawai ya gaya mana cewa jaruminsa yana da kuɗi, sai ya ari teburin da bai taɓa zama a kai ba. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan marubucin da ya iya jero abincin teku iri goma da Turanci, in ka ce ya kawo maka sunan kifi biyar na rafin garinsu da Hausa, sai ya tsaya a tarwaɗa da karfasa ya fara sosa ƙeya.

Bari in ba ku labarin yadda na gane haka a kaina.

Ni ɗan Kusasu ne, can bakin dajin da ya haɗe ƙasar Birnin Gwari da ta Shiroro. Baffana masunci ne, a hannunsa na tashi, kuma da kuɗin bandar kifi aka saya mini littafin makaranta na farko. Duk da haka, da na fara rubutu ban taɓa sa masunci ko ɗaya a labari ba. A ganina a lokacin, ƙarnin kifi ba ya shiga littafi. Jarumaina duk 'yan Maitama ne, kuma na ciyar da su abubuwan da ko a hoto ban tantance su ba.

Bara wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda Allah ya buɗa masa, ya gayyace ni Abuja. Da dare ya ce yau sai na ci abin da ban taɓa ci ba. Mu uku muka je, da wani abokin aikinsa. Tun daga ƙofa sanyin na'ura ya buge ni. A gefe guda an shimfiɗa ƙanƙara a kan wani dogon tebur, an jera kifaye da jatan lande manya, wasu sun kai tsawon tafin hannuna, ga ƙaguwa an ɗaure mata hannaye. A gabana aka ajiye cokula masu yatsu biyu, wuƙaƙe biyu, da wani ƙarfe mai kama da filaya, wanda sai daga baya na gane na fasa ƙafar ƙaguwa ne.

Tsoro na fara ji. Da aka miƙo takardar abinci, idona bai sauka a kan sunayen ba, gefen dama ya tafi inda farashi yake, duk da na san ba ni zan biya ba. Na riƙa satar kallon hannun abokina don in ga wane cokali zai fara ɗauka. Wannan satar kallon, da gumin da ya tsattsafo mini a cikin ɗakin da ke da sanyi kamar firji, su ne ainihin abin da ke faruwa da ɗan talaka a irin wannan wuri, kuma su ne ban taɓa karantawa a labaranmu ba.

Don kada in kunyata, na nuna wani suna na Faransanci da ke cikin masu tsada na ce shi nake so. Aka kawo wani farin yanka mai kauri, babu ƙaya, an kwantar da shi a kan miyar man shanu da lemon tsami. Ina kai loma ɗaya baki na tsaya. Na san wannan tsokar. Na san yadda take ɓarewa fala-fala. Yaron da ke yi mana hidima ya ji muna Hausa tun ɗazu, sai na yafito shi na tambaye shi a hankali, wane kifi ne wannan? Ya sunkuyo yana murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai giwan ruwa ne."

Giwan ruwa. Kifin da Baffa yake cewa in ya shiga taru a yi bismilla a riƙe da kyau. Kifin da Inna take yi mana farfesunsa da daddawa da citta ranar da aka yi sa'a. Shi ne aka canza wa suna, aka cire masa kai da ƙaya, aka ɗora mini a faranti ina rawar hannu a gabansa kamar baƙo. Da aka kawo lissafi na leƙa, kuɗin abincinmu mu uku ya wuce naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin wata da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, kuma ya wuce da nisa.

Kada wani ya ɗauka ina zagin wurin ne. Abincin ya yi daɗi, an karrama mu, kuma wanda Allah ya hore wa ya ci halaliyarsa babu laifi. Jatan landen ma na ci, na kuma ji daɗinsa, ga shi a mazhabar Malikiyya da muke bi duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, har ƙaguwar da yawancinmu ke ƙyama. Abin da na fito da shi daga wurin tambaya ce ta marubuci: me ya sa sai da aka sa wa kifin garinmu sunan Faransanci sannan na ga ya cancanci shiga labari?

Da na koma na bincika, sai na tarar ni kaɗai ne ban san darajarsa ba. A Yamai da Bamako, kafiten suke ce masa, kuma shi ne abin da manyan gidajen abinci na bakin kogin Neja suke alfahari da shi. A Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka, inda aka zuba irinsa a shekarun 1950, masana'antu a birnin Mwanza na Tanzaniya suna yanka tsokarsa a loda a jirgin sama zuwa Turai. Har fim aka yi a kan haka a 2004, inda aka nuna yadda tsokar ke tafiya waje, kai da ƙashi su rage wa mutanen gari. A nan gida kuwa, shi ne sarkin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 a matsayin alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya da ake taskacewa a 2016. A bikin 2020, kifin da ya ci gasa a Matan Fada ya kai kilo 78. Da hannu da gora da homa aka fito da shi.

Darajar abinci ma ai yayi ce. Wannan babban jatan landen mai manyan hannaye da ake yi wa kallon abincin attajirai, a gabashin Amurka shekaru ɗari biyu da suka wuce abincin talakawa ne, saboda yawansa har takin gona da abin ɗana wa kifi ake yi da shi. Ƙannensa ƙanana kuwa, busassu, ga su nan a kasuwanninmu ana auna su da gwangwani, daga bakin tekun Akwa Ibom ake kawo su, matanmu na daka su a miya. Marubucin da ya san wannan, in ya kai jarumarsa irin wancan wuri, yana da abin faɗa. Wanda bai sani ba sai dai ya jera sunaye.

Akwai kuma tambayar da ba mu yi: ta ina abin ya biyo kafin ya iso faranti? Abuja ba ta da teku. Tsakaninta da Legas ya haura kilomita 700 a mota, don haka duk jatan landen da jarumarka ta ci a Wuse, ko dai ya kwana a motar sanyi ko ya hau jirgin sama, wani ma daga wata ƙasa ya taso. Mu kanmu a unguwa abin da muke soyawa da yamma, titus da kote da shawa, kifin ƙanƙara ne da jiragen ruwa ke kawowa daga tekuna masu nisa. Alƙaluman da gwamnati ta sha ambata sun ce Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuma bai wuce wajen tan miliyan 1.2 ba. Ragowar giɓin da kuɗin waje ake cike abin da aka iya cikewa.

Nan ne maganar ta dawo gida ta yi mini ciwo. Yankinmu ba matalaucin ruwa ba ne. Ga kogin Mariga, ga kogin Kaduna, ga tafkin da madatsar Shiroro ta tara tun da aka buɗe ta a 1990, ga rafuka da fadamu ba iyaka a cikin dajin Kamuku da kewayensa. Amma su aiki ne na magariba da asuba. Da yamma ake kafa taru da mamari, da duku-duku a koma a duba. Waɗannan kuwa su ne sa'o'in da daji ya daina zama namu tun da 'yan bindiga suka mamaye shi. Manomi yana iya lallaɓawa da rana ya yi kunya biyu ya gudo. Masunci ba shi da wannan damar, domin kifi ba ya jiran hantsi. Kowa ya san shekarun da hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar sojoji ko da addu'a. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara da ta daɗe a rufe, mutane sun ɗan samu numfashi. Amma wanda ya riga ya sayar da kwalekwalensa ya ci abinci a gudun hijira, sulhu ba ya dawo masa da shi.

Baffana yana cikinsu. Yanzu a wata unguwa a bayan garin Kaduna yake zaune a ɗakin haya. Matarsa ce ke riƙe da gidan, kuma kun san da wace sana'a? Suyar kifi. Kullum da safe takan je shagon ƙanƙara ta sayo titus, ta yanka, ta soya a bakin titi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana fito da giwan ruwa da hannunsa, yau shi ne ke zaune a benci yana kore ƙuda daga kan kifin da bai san sunan tekun da aka kamo shi ba. Ranar da na ba shi labarin abin da na ci a Abuja da kuɗin da aka biya, bai yi mamaki ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Kan fa, ina suka kai shi?" A wurinsa duk daɗin giwan ruwa a kai yake.

Ku gaya mini tsakani da Allah, tsakanin wannan tambaya ta Baffa da layi uku na sunayen Turanci, wanne ne adabi?

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce mai karatu ya gaji da wahala. Matar da ta wuni tana fama da tsadar gawayi, in ta ɗauki waya da dare so take a kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba, ba a sake dawo da ita bakin murhu ba. Na yarda. Mafarki haƙƙin mai karatu ne, kuma tun zamanin littattafan soyayya na kasuwar Kano ake sayar da shi, ana kuma saye. Wasu kuma za su ce ai ba dole sai marubuci ya taɓa yin abu zai rubuta shi ba, in ba haka ba wa zai rubuta mutuwa? Wannan ma gaskiya ne.

Amma mafarkin ma sai an gina shi da kayan gaske yake kama mutum. In kana so ka kai wannan matar gidan abincin teku, to kai ta da gaske. Bari ta ji sanyin wurin a fatarta, ta ga yadda jatan lande ke juyewa daga ruwan toka zuwa ja in ya ji wuta, ta sha wahalar ɓare shi, man tafarnuwa ya ɓata mata lallen hannu. Wanda ya jero mata sunaye kawai ya tsaya da ita a bakin ƙofa ne, ya karɓi kuɗin datarta bai shigar da ita ba. Rashin zuwa wurin kuma ba hujja ba ce. Akwai bidiyo, akwai masu aiki a irin waɗannan wurare da 'yan uwanmu ne, ana iya tambayarsu. Ga kuma kasuwar kifi ta Kado a Abuja. Zuwa da kai ya fi aike.

Sannan teburin cin abinci fage ne, dole wani abu ya faru a kansa. Ga misali daga kaina. A ce jarumarka 'yar masunci ce da ta ɓoye wa saurayin asalinta, ta ce masa mahaifinta ɗan kasuwa ne. Ya kai ta irin wannan wuri don ya burge ta. Aka kawo gasasshen kifi sukutum. Shi yana ta fama da wuƙa da cokali yana dagargaza shi, ita kuwa ba ta ankara ba hannunta ya yi abin da ya saba, ta zare ƙashin bayan gaba ɗaya a ja ɗaya, tsaf, ko tsoka ba ta biyo ba. Ya ɗago ya dube ta. A wannan kallon akwai soyayya, akwai ƙarya da ta fara warwarewa, akwai bambancin gida da gida, kuma ba ka bukaci sunan Turanci ko ɗaya ba. Amma ba za ka iya rubuta shi ba sai ka san yadda ake zare ƙashin kifi.

Ku dubi dukiyar da muke takawa muna wucewa. Gaiwa takan binne kanta a laka in ruwa ya janye, ta yi watanni tana jiran damina tana rayuwa da abin da ke jikinta, shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Wace kalma ce ta fi wannan dacewa da magidancin da ke cin jarinsa a gudun hijira? Minjirya ba ta da ƙaya mai tsoratarwa, jikinta sumul, amma ka taɓa ta ka ji wuta har kafaɗa. Ƙurungu in an kama shi sai ya kafe ƙayoyinsa ya yi ta gurnani, ba ya haɗiyuwa ta daɗi. Karfasa a baki take ɗaukar ƙwanta, ta haƙura da ci har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa tana iya jan ciki a kan danshin ƙasa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Ga tsage mai haƙora, ga yauni, ga ragon ruwa, ga rambo­shi. Kowannensu hali ne na ɗan Adam da aka ajiye mana a ruwa, kyauta. Kakanninmu sun gani, shi ya sa suka bar mana kifin rijiya, da kifi na ganinka mai jar koma. Mu kuma mun bar wannan duka muna aron kalmomin da ko furta su ba mu iya ba.

Akwai abin da ya fi ado muhimmanci. Yaran da aka haifa a sansanonin gudun hijira da ɗakunan haya na Kaduna da Minna, 'ya'yan masunta ne da ba su taɓa ganin an jefa birgi ba. Ba su san bambancin homa da taru ba, ba su san aikin Sarkin Ruwa ba. In dattawa irin su Baffa suka kau, kalmomin nan za su bi su, sai dai in wani ya rubuta. Masu bincike na jami'a za su adana sunayen a takardunsu, amma yadda ake ji in taru ya yi nauyi da asuba, wannan aikinmu ne. In mu da muka fito daga waɗannan garuruwa muka tafi Dubai a takarda, wa zai tsaya ya rubuta Mariga?

Don haka ban ce a daina kai jarumai manyan wurare ba. Ku kai su, ku ciyar da su abin da ransu ke so. Sharaɗina ɗaya ne: duk abin da za ka ɗora a farantin jarumarka, ka san sunansa, ka san inda ya fito, ka san hannun da ya fara taɓa shi. In ka san waɗannan, ko kifin gwangwani ka ba ta za mu ji daɗinsa.

Ga aikin wannan makon ga mai sha'awa. Ka nemi dattijo ko dattijuwa a gidanku ko a kasuwar garinku, mai su ko mai banda ko mai suya, ka tambayi sunayen kifi biyar da yadda ake kama kowanne da yadda ake dafa shi. Sannan ka rubuta fitowa ɗaya da ba ta wuce kalma 300 ba, mutum biyu suna cin kifi, a ko'ina ka ga dama, daga bakin rafi har benen Abuja, amma kafin su tashi wani sirri ya fito. Sunayen suna bambanta daga gari zuwa gari, abin da Bayawuri zai kira da wani suna Bahaɗeje zai kira shi da wani, saboda haka kowa ya rubuta yadda ake faɗa a garinsu, mu ƙaru da juna.

Ni ma zan kawo tawa. Na riga na kira Baffa, ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko, kuma in taho da littafi mai kauri.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya zaunar da garuruwanmu lafiya.